Sabon banɗaki a tsohon gida: a fasa daɓe, a ɗaga shi, ko a bi ta bayan bango?

Da ciwon gwiwa ya matsa wa Hajiyarmu, 'yar tafiyar da ke tsakanin ɗakinta da makewayin ƙuryar gida ta zame mata aiki, musamman da asubar hunturu, ko daren da aka yi ruwa tsakar gida ta yi santsi. Gidan namu na gado ne a cikin birnin Kano, rabinsa ginin ƙasa da aka shafe da siminti, rabinsa bulo da aka ƙara daga baya. Muka shirya a yanki wani sashe na ɗakinta a yi mata banɗaki. Ni da ƙannena muna ta zancen tayil da irin tukunyar zaman da za a saya, amma dattijon mai aikin famfon da aka kawo mana ko kallon hotunan da muke nuna masa a waya bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ku fara nuna min inda ruwan zai je. Shigo da ruwa ko yarona zai iya. Fitar da shi ne aikin."

Gaskiyarsa. Ruwan da ke shigowa yana da ƙarfin tanki a bayansa, bututunsa siriri ne, ana iya hawa da shi bango, a sauko, a zagaya ƙofa. Ruwan da ke fita ba abin da ke tura shi sai gangara. Bututun masai inci 4 ne, kuma yana son ya riƙa sauka kusan santimita 2 da rabi a kowace mita. In gangarar ta gaza, ƙazanta ta kwanta a hanya. To, a lissafa: in ramin yana nesa da mita 12, bututun zai sauka santimita 30 kafin ya isa, ban da kaurinsa na santimita 11. Tsofaffin gidajen birni kuwa da yawa daɓen ɗakunansu ya yi ƙasa da lungu, don shekara da shekaru ana ciko a waje, gida yana nan inda yake. Shi ya sa dattijon ya fara da tiyo mai garai-garai da ya cika da ruwa, yaronsa riƙe da baki ɗaya a ɗakin Hajiya, shi riƙe da ɗayan a inda muke son rami, suna sa alama da alli a bango. Kafin a sayi ko gwiwar bututu guda, mun san santimita nawa muke da su. Duk zaɓin da zan kwatanta a nan, wannan awon ne alƙalinsu.

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce a fasa daɓe a binne bututu. Kyanta a bayyane yake: in an gama ba a ganin komai, ƙasan banɗakin daidai yake da na ɗaki, babu matakin da zai wahalar da tsoho ko yaro, rana ba ta taɓa bututun, ba mai taka shi. A gidan bulo mai harsashin kankare, inda banɗakin yake kusa da bangon waje, ba ni da ja a kanta. Amma in bututun zai ratsa ɗaki biyu da tsakar gida kafin ya fita, a sake tunani. Duk mahaɗar da aka binne wuri ne da zai iya yoyo ba a sani ba, kuma yoyon ƙarƙashin daɓe ba ya nuna kansa sai ya gama ɓarna. Na gani da idona a gidan wani ɗan uwanmu. Wanda ya yi musu aikin, da gwiwar bututu ta ƙare masa, sai ya gasa bakin bututun a wutar takarda ya tanƙwara shi ya cusa, aka zuba kankare a kai. Damina biyu aka yi lafiya. A ta uku fenti ya fara kumbura a gindin bangon falo, farin gishiri yana fitowa, in ka ƙwanƙwasa tayil sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Da aka fasa, ƙasar da ke ƙarƙashin ta zama taɓo har gindin harsashi. Nasu bulo ne, ya jure. Da ginin ƙasa ne, da wani labarin ake yi, domin bangon tubali ba daga sama yake mutuwa ba, daga ƙafa yake jiƙewa ya zauna, kuma duk wanda ya girma a birni ya san abin da watan Agusta ke yi wa irin wannan bango.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tsohon gida yana da tarihin ramuka. Muna nuna wurin da za a haƙa hanya ta tsakar gida, Hajiya ta leƙo ta ce, "Kada ku taɓa nan, tsohuwar salga ce, tun kuna yara aka rufe ta." Ba ɗayanmu da ya sani. Bututun da aka shimfiɗa a kan tsohon rami ko kan cikon shara, ƙasa za ta lotsa a ƙarƙashinsa, ya yi ciki, ruwa ya riƙa kwana a wurin. Kafin diga ta taɓa ƙasa, a tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan.

Hanya ta biyu ita ce a bar tsohon daɓen yadda yake, a shimfiɗa bututu a kansa, a yi ciko a ɗaga ƙasan banɗakin da santimita 15 zuwa 20. Ta fi sauri, ƙura kaɗan ce, ba a kusanci harsashi ba, kuma ita ce mafita in ɗakin ya yi ƙasa da waje, don tsayin da aka ƙara shi ne gangarar da aka rasa. A bene ma ana yawan bin ta, tunda ba kowane tsohon daɓen bene na kankare ake yarda a huda ba, balle rufin azara, wanda ni ban ga dalilin ɗora masa banɗaki ba ko da wane irin ciko. Aibinta biyu. Na farko matakin nan: ga mai ciwon gwiwa da ya fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santimita 20 ba ƙaramin abu ba ne, mu kuwa don gwiwar muka fara aikin. Na biyu, cikon yakan zama soso. In ruwa ya bi ta tsakanin tayil ya shiga, ba shi da mafita, sai ya bi bango. Wanda zai yi ta, ya sa a shafe tsohon daɓen da maganin hana ruwa har ya hau bango kamar taƙi ɗaya kafin ciko, a sake shafawa a sama kafin tayil. A kuma duba tsayin rufi, don tsofaffin ɗakuna gajeru ne.

Ta uku ita muka bi, kuma ita nake ba kowa shawara in wuri ya yarda: a jingina banɗakin da bangon waje, kowane bututu ya huda bangon ya fita nan take, sauran tafiyar ya yi ta a fili. Sirrin yana wurin sayen tukunyar zama. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai zubarwa ƙasa, wadda masu kaya ke kira S, ita dole a fasa daɓe ko a ɗaga shi. Akwai mai zubarwa ta baya, wadda suke kira P, bakinta yana kusan santimita 18 sama da daɓe, ya nufi bango kai tsaye. Da wannan, huda guda ce, bututun ya fita, a sa masa gwiwa mai murfin dubawa ya sauka ƙasa. Ranar da ya toshe, murfi za a kwance daga waje, ba tayil za a fasa ba. Ruwan wanka kuma a karkata daɓen zuwa gindin wannan bangon, a fitar da shi da bututu inci 2. Kada a sayi tukunya sai mai aikin ya faɗi irin da za a sayo. Mutane da yawa kan dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa da wadda ta burge su, sannan a ga ba ta dace da wurin ba. Wanda ya fi son ta tsuguno ya sani cewa ita jikinta da tarkonta, wato lanƙwasar da ke riƙe ruwa don tare wari, duk a ƙasa suke nitsewa, don haka tana komar da shi hanya ta farko ko ta biyu.

Ita ma wannan hanyar tana da sharuɗɗa. Rana tana cin bututun roba, in ya shekara biyu uku a fili sai ya yi fari ya riƙa tsagewa kamar ƙwai, saboda haka a shafa masa fenti ko a gina masa 'yar riga ta bulo. In bayan bangon lungu ne da babura da kurar ruwa ke bi, rigar dole ce. In kuwa katangar ta haɗaka ce da maƙwabci, ko bayan bangon filinsa ne, maganar ta wuce ta mai famfo, a zauna da shi tukuna, in ta kama har da mai unguwa. A bangon ƙasa kuma ba a cusa bututu tsirara a liƙe da siminti, siminti da tubali ba sa riƙe juna. Dattijon namu ya huda a hankali da ƙarfe, ya fara sa guntun bututu mai faɗi a matsayin hannun riga, sannan na masan ya bi ta cikinsa. Daga ciki kuma ya sa birkila ya tayar da siririn bangon bulo a gaban na ƙasan, aka manna tayil a jikin bulon. Mun yi asarar kusan taƙi guda na faɗin banɗakin, amma ruwan wanka bai taɓa ganin tubali ba.

Wani abu da ke shiga zaɓin bango shi ne alƙibla. Malamai da yawa sun sauƙaƙa in a cikin gini ne, amma galibin mutanenmu ransu ba ya kwanciya su fuskanci gabas ko su ba ta baya. Tunda tukunya mai zubarwa ta baya bango take jingina, wanda ke son kauce wa wannan sai ya nemi bangon kudu ko na arewa. Gara a yi maganar tun ana awo. Na san gidan da aka ciro tukunya bayan an gama tayil saboda mai gidan ya dawo daga tafiya ya ga inda ta kalla.

Za a ji wasu na maganar injin da ke niƙa ƙazanta ya tura ta ta siririn bututu har sama. Yana aiki, a ƙasashen Turai ana sa shi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Sai dai da wuta yake yi, in an ɗauke ba a kora. A wurinmu wannan ya isa amsa.

Yanzu ina ruwan zai ƙare? A wasu unguwannin Abuja akwai babbar magudanar gwamnati da ke kai ƙazanta matatar Wupa, mutum haɗawa kawai zai yi. A cikin birnin Kano, da Zariya, da Katsina, kowane gida shi ke riƙe da nasa. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada.

Abin da ya fi jan hankali shi ne a juya sabon bututun cikin tsohuwar salgar da ake amfani da ita, tunda rami ne a haƙe. Ni ban goyi bayan haka ba sai in salgar ginanniya ce da bulo tun daga ƙasa. An haƙa ta ne don buta, lita ɗaya ko biyu a shiga. Tukunyar zama ta zamani tana zubar da lita 6 a kowace kora, tsofaffin har 9. In aka ƙara ruwan wanka, ramin da ya yi shekara ashirin bai cika ba sai ya cika a damina ɗaya, gefensa ya jiƙe ya fara zaftarewa a ƙarƙashin murfin da mutane ke tsayawa a kai.

Abin da muke kira sokawe a gaskiya rami biyu ne masu aiki daban, ko da yake magina da yawa ɗaya suke haƙawa su ba shi sunan. Na farko tanki ne da aka shafe ciki da siminti, ba ya yoyo, an raba shi gida biyu, na farkon ya ɗauki kashi biyu cikin uku. A nan ƙazanta ke kwantawa ta ruɓe. Bakin fita yana ƙasa da bakin shiga da 'yan santimita, kuma kowanne da mahaɗa mai siffar T don kada kumfar sama ta bi ruwa. Na biyu shi ne ramin tsotsewa, wanda ake jera bulonsa da tazara don ruwa ya shige ƙasa. Rami ɗaya ya fi arha a yau. Amma ƙazanta da maiƙon sabulu suna liƙe ƙofofin ƙasa, ramin ya daina sha, a koma kiran motar kwasa a kai a kai, ita kuwa motar ba kowane lungu take shiga ba. Mai rami biyu yakan yi shekaru kafin ya nemi kwasa. In fili ya ƙi, akwai ƙaramin akwatin tacewa da ya yaɗu a Gana, ana kuma samun masu yin sa a Najeriya, wanda ke raba ruwa da ƙazanta ya bar ta ta ruɓe a wuri kaɗan. Yana cin fili kaɗan ƙwarai, amma shi ma ruwan da ya tace yana buƙatar inda zai tsotse, kuma ingancinsa ya dogara ga hannun da ya haɗa shi.

Ko wanne za a yi, a gwada ƙasar. A haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa da yamma, a duba da safe. Ƙasa mai yashi za ta shanye. Mai laka za ta bar shi kwance, kuma haka za ta yi wa ruwan banɗaki har abada. A kuma tambayi maƙwabta inda ruwan rijiya ke tsayawa a tsakiyar damina, don gindin ramin ya kamata ya kasance sama da shi da kamar mita 2.

Maganar rijiya ce ba na sassautawa a kanta. Tsakanin ramin tsotsewa da rijiya, taka ko ta maƙwabci, kada ya gaza mita 15, in an sami 30 ya fi. A gidajen birni da ke manne da juna wannan yakan yi wuya, na sani. Amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, kuma amai da gudawa da taifot ta nan suke shiga gida. In tazarar ta ƙi samuwa, ko dai a yi tankin da ba ya yoyo a riƙa kwashewa, ko a daina shan rijiyar, a bar ta ga wanki. Tsakanin ramin da gini kuma ana son kamar mita 5, in bango na ƙasa ne kada a rage don a sami wurin ajiye mota.

Sai tambayar ko a haɗa ruwan wanka da na masai. In fili da ƙasa sun ba da dama, a raba: masai ya shiga tanki, ruwan wanka ya wuce kai tsaye ramin tsotsewa ko nasa ƙaramin ramin mai duwatsu. Al'adar sakin ruwan wanka ta rariya zuwa lambatu tsohuwa ce, kuma inda lambatun ginanne ne yana gudu, da sauƙi. Inda kuwa zai kwanta a lungu ya zama kwatamin sauro a ƙofar maƙwabci, ba daidai ba ne, ko dubagari bai zo ba. Ruwan masai dai ba ya shiga lambatu ta kowane hali. A ɗaya gefen, bututun masai mai tsawo yana son ruwa mai yawa ya kora shi. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, inda jarka mai lita 25 ba ta wuce kora huɗu, mutane za su koma kora da buta, buta kuwa ba ta kai ƙazanta mita 12. Irin wannan gida ya matso da tankin kusa, ko ya bar ruwan wanka ya bi bututun don ya riƙa wanke shi.

Wari kuma abu biyu ke tsare shi, kuma su ne aka fi yi wa rowa. Kowace mafita tana buƙatar tarko, wato lanƙwasar da ruwa kamar santimita 5 ke kwana a ciki ya toshe wa iska hanya. Tukunyar zama da nata take zuwa, amma magudanar ƙasa sau da yawa rami ne kawai da marfi mai ƙofofi, ta nan wari da kyankyasai ke shigowa. Na biyu bututun numfashi, wanda ke tashi daga layin masai ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. In babu shi, duk kora sai ta zuƙe ruwan tarkon, ka ji magudana tana ƙugi, bayan nan ɗaki ya ɗauka. Ga banɗakin da ke cikin ɗakin kwana, wannan bututun ya fi tayil muhimmanci.

Wurin sayen bututu a danna shi da hannu. Wanda ya lotsa da yatsa bai dace da binnewa ba, a ƙara kuɗi a ɗauki mai kauri. Inda layin zai juya, gwiwa biyu masu rabin lanƙwasa sun fi ɗaya mai kaifi, kuma a kowace babbar kwana ko mahaɗa a gina 'yar chamba, wato ɗan ramin dubawa mai murfi. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun, kada a ɗora shi kan ɓaraguzai. Ranar da za a buɗe tsohon rami ko sabo bayan an fara amfani da shi, kada a bar kowa ya shiga, iskar ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu, ta kuma kashe wanda ya bi shi ceto.

Kafin a rufe namu, dattijon ya toshe ƙarshen layin da tsumma a cikin leda, ya cika bututun da ruwa, ya ce a bar shi ya kwana. Da safe ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da busasshen hannu, ya sami guda tana gumi a bayan bango, ya yanke ta ya sake. Sannan ya cire toshiyar, ya tsayar da ni a bakin chamba, ya ce wa yaronsa ya jefa ɗan lemon tsami a tukunya ya bi shi da bokiti guda. Lemon ya iso tare da ruwan, bai tsaya a hanya ba. Ya ce, "To Alhaji, yanzu ɗauki hoton kowane layi da tef a gefensa, ka adana. Wanda zai yi gyara bayan shekara goma ba lallai ni ba ne." Sai da na gama ɗauka ya bar leburori suka fara mayar da ƙasa.